Wa Ke Yi Wa 'Ya'yanmu Tatsuniya?

A da, in an ci tuwon dare, yara kan kewaye tsohuwa ta ba su labarin Gizo da Ƙoƙi. Yau da yawansu, balle a birane, talabijin ko wayar hannu su kan kewaye, suna kallon hotunan zane masu motsi, waɗanda a ke kira katun. Ba mu ce abin mugu ne ba. Amma wajibi ne iyaye da malamai su san ko mene ne, su kuma san mai yinsa.

Dabarar mai sauƙi ce. A kan zana hoto, a sake zana shi da ɗan bambanci, a yi ta yi. In aka gilma su gaban ido da sauri, hoto 24 a daƙiƙa guda, sai zanen ya zama kamar mai rai. Ashe minti guda na cin hoto 1,440. Tun daga 1995, da aka yi Toy Story dukansa da kwamfuta, na'ura ta ɗauke yawancin wahalar hannu.

Abin lura shi ne, da tatsuniya sana'ar ta girma. A 1926 wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta yanka kwali ta shirya dogon fim daga labaran Dare Dubu da Ɗaya. Snow White, wanda Walt Disney na Amurka ya fitar a 1937, tsohuwar tatsuniyar Jamusawa ce. Kowane mai zane kuwa, harshensu da sutura da ladabin gidansu ya kan sa a ciki. Yaron da ke kallo kullum yana kwasar waɗannan ba da saninsa ba, ga shi kuwa icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. In muka yi sake, sai ya san sunan kowace dabba ta katun, bai san dalilin da Kura ke shan kashi a hannun Gizo ba.

Wani zai ce aikin na masu dukiya ne. To, a dubi Moustapha Alassane, mutumin Nijar, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya rasu a 2015. Da ƙaramin makanike ya fara. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim na wani shugaban kwaɗi da ya tafi ziyara wata ƙasa, aka san shi har Turai. Abin da ya yi da 'yan kayan aiki kaɗan, me zai hana samarinmu masu kwamfuta su yi?

Saboda haka muna roƙon malamai abu uku. Su kalli fim kafin su nuna wa yara. In an gama, su sa yaran su maimaita labarin da Hausa, su faɗi wa ya kyauta, wa ya ɓata. Su kuma koya musu zana ɗan mutum a kusurwar kowane shafi na tsohon littafi, a karkaɗa da yatsa a ga yana tafiya. Makarantun horon malamai su daina ɗaukar zane abin wasa.

Ku kuma akawuna masu tsara kasafin kuɗi, ku tuna da aikin rubuta tatsuniyoyi daga bakin tsofaffi tun suna raye, domin mai zane ba ya zana abin da ya ɓace. Yaranmu ba za su bar kallo ba. Abin da ya rage gare mu shi ne mu sa Gizo ya shiga cikin abin da su ke kallo.