Sunan "Ciwon Suga" Yana Yaudarar Mutanenmu

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. A matsayinmu na ɗaliban harshe, ya kamata mu dubi inda sunan "ciwon suga" ke jan akalar mutanenmu, musamman 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Head Bridge ta Anaca da unguwannin Hausawa na Inugu da Fatakwal. Ni a ganina, wannan suna ya sa jama'a da dama suna zaton muddin mutum ya rage zuba suga a shayi, to ya tsira.

Gaskiyar magana ita ce, farar shinkafa da burodi da taliya da garin rogo da sakwara, duk jiki kan narkar da su su koma suga a cikin jini. Haka ma zuma, wadda wasu ke komawa gare ta da sunan sun bar suga. Matsalar kan taso ne idan jiki ya kasa samar da isasshen sinadarin insulin, ko kuma ya kasa amfani da shi yadda ya kamata. Ƙiba da tumbi da yawan zama da gado su ne manyan masu share wa ciwon hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, kuma ya fi saurin ƙaruwa a ƙasashe masu tasowa. Ke nan masu kiransa ciwon attajirai su ma sun yi kuskure.

Mu dubi rayuwar ɗan kasuwar da ya baro Arewa ya zo ci-rani ko ya zauna dindindin a Gabas. A gida ya saba da noma da tafiyar ƙafa da tuwon dawa miyar kuka. A nan kuwa, da safe teburin mai shayi ne, madara da suga da burodi; da rana garin rogo ko shinkafa a kora da lemon kwalba; wuni guda yana zaune gaban albasa ko tumatir ko teburin canji. Ko zai je nan da can sai ya hau keke napep. Lemon kwalba ɗaya kan ɗauki suga kimanin ƙaramin cokali 9, alhali shawarar hukumar ita ce ya fi kyau kada babban mutum ya wuce cokali 6 a rana.

Wani abin damuwa kuma shi ne sayen magani ba gwaji. Babbar kasuwar magunguna ta Ogbo Ogwu tana nan Head Bridge, kuma hukumar NAFDAC ta rufe ta a 2007, ta sake rufe ta a 2025 saboda jabun magunguna. Wanda ya ga yana yawan fitsari da ƙishirwa da ramewa, ko ya ji rauni a ƙafa ya ƙi warkewa, asibiti ya kamata ya nufa. Sakaci kan kai ga makanta, ko ciwon ƙoda, ko yanke ƙafa, kuma magidancin da ya kwanta a baƙon gari, iyalinsa na Arewa ma sun shiga wani hali.

Wani zai ce mai neman na yau ina ya ga halin zaɓen abinci? Amma ai wake da ganyen ugu da kuɓewa da ɗanyen filanten suna nan a kasuwannin Gabas, kuma rage malmala ɗaya ba ya cin ko kwabo. Tafiyar minti 30 da sassarfa sau 5 a mako ta cika minti 150 da likitoci ke so; takawa zuwa masallaci da kasuwa na iya biyan wannan.

A ƙarshe, ina kira ga sarakunan Hausawa da limaman waɗannan unguwanni da su riƙa gayyato ma'aikatan lafiya su yi wa jama'a gwajin jini bayan sallar Juma'a, ko da a makon 14 ga Nuwamba ne, ranar tunawa da wannan ciwo a duniya. Mu kuma ɗaliban Hausa, aikinmu ne mu rubuta bayanin cikin sassauƙar Hausa, da boko da ajami, mu kai musu har rumfunansu. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.