Indiana: Ranar da majalisar dattawan jiha ta ce wa Trump a'a

Ranar 11 ga Disamba, 2025, Majalisar Dattawan Jihar Indiana da ke Amurka ta yi watsi da ƙudurin sake shata mazaɓun 'yan majalisar wakilai ta tarayya, inda mutum 31 suka ƙi, 19 suka amince. Abin da ya ɗaga labarin shi ne, jam'iyyar Republican ta Shugaba Donald Trump ce ke riƙe da kujeru 40 cikin 50 na majalisar, kuma 'ya'yanta 21 ne suka haɗa kai da 'yan Democrat 10 suka kashe ƙudurin.

A bisa al'ada, sau ɗaya ake shata mazaɓu a Amurka cikin shekara goma, bayan ƙidayar jama'a, kuma a yawancin jihohi majalisar dokoki ce ke yin aikin. Trump ya nemi jihohin da ke hannun jam'iyyarsa su sake zanen tun lokaci bai yi ba, domin kare ɗan ƙaramin rinjayen da take da shi a majalisar wakilai a zaɓen Nuwamban 2026. Texas ta amsa kira a watan Agusta da taswirar da ake sa ran za ta ƙara wa Republican kujeru biyar, Kalifoniya kuma ta rama wa Democrat ta hanyar ƙuri'ar raba gardama.

Indiana na da kujeru tara, bakwai na Republican, biyu na Democrat. An tsara sabuwar taswirar ne don haɗiye biyun da suka rage, har da yanka birnin Indianapolis gida huɗu. Majalisar wakilan jihar ta amince, Gwamna Mike Braun ya goyi baya, Mataimakin Shugaban Ƙasa JD Vance ya taka zuwa jihar, Trump kuwa ya yi barazanar tsayar da waɗanda za su kayar da duk sanatan da ya bijire a zaɓen fitar da gwani. Wasu sanatocin ma sun kai ƙarar barazanar da aka yi musu har gidajensu. Duk da haka ƙudurin ya faɗi.

Wannan ya farfaɗo da tsohuwar tambaya: mene ne amfanin majalisa ta biyu a jiha? Jihohi 49 cikin 50 na Amurka majalisa biyu gare su; Nebraska ce kaɗai ta koma ɗaya tun 1937. A da, jihohi da dama kan raba kujerun dattawa bisa gundumomi, ta yadda ƙaramar gundumar karkara ke da murya daidai da babban birni. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1964 a shari'ar Reynolds da Sims ya wajabta rabon kujerun majalisun biyu bisa yawan jama'a. Tun daga nan masu suka ke ganin ta saman maimaici ce kawai da ɓarnar kuɗi.

Sai dai akwai bambanci biyu da suka saura, kuma su ne suka yi aiki a Indiana. Ɗan majalisar wakilan jihar shekara biyu yake yi, cikin zauren mutum 100. Sanata kuwa shekara huɗu ne, kuma rabin kujerun ake zaɓe duk bayan shekara biyu. Ke nan rabin sanatocin ba su da zaɓe a gabansu a 2026, don haka barazanar ba ta yi musu kaifi ba. Ƙaramin zaure kuma yana ba ƙuri'ar mutum ɗaya nauyi, ya sa jan kunnensa ya yi wuya.

Kada dai a ɗauka majalisa ta biyu maganin kowace cuta ce. Majalisar dattawan Texas ita ma shekara huɗu ce, amma ta sa hannu kan taswirar jiharta ba tare da jinkiri ba. Tsari yana buɗe ƙofar turjiya ne kawai. Shigarta sai mai ƙarfin hali, wanda ya fi jin tsoron mutanen mazaɓarsa a kan shugaban jam'iyya.

A nan ne darasin ya shafe mu. Tsohuwar Jihar Arewa ta taɓa yin majalisa biyu a Kaduna, ta wakilai da ta sarakuna, har juyin mulkin 1966. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowace jiha majalisa ɗaya mai mambobi 24 zuwa 40, kuma ƙorafin da aka saba ji shi ne ta zama 'yar amshin shatan gwamna. Ƙara wani zaure ba zai warkar da wannan ba matuƙar gwamna ne ke raba tikiti.

A Indiana, zaɓen fitar da gwani na watan Mayun 2026 ne aka sa ran zai nuna farashin wannan turjiya. Lissafin a lokacin shi ne, idan sanatocin da suka bijire suka tsira, takwarorinsu a wasu jihohi za su samu ƙwarin gwiwa. Idan suka faɗi, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.