Ido Garau, Amma Allo Ba Ya Ganuwa

Idan aka ce ciwon ido, yawancinmu yanar ido ko afolo ke faɗo mana a rai. To amma akwai makantar da za ka leƙa idon mutum ka gan shi garau, ba yana ba ja, alhali ba ya gani. Dalili shi ne ido ɗaukar hoto kawai yake yi. Jijiyar gani ce ke kai saƙon can ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ke fassara shi. Jijiyar ko ƙwaƙwalwar ta lalace, tabarau ba abin da zai gyara.

Mu 'yan yammacin Zamfara ba a littafi muka fara jin wannan ba. A watan Maris na 2010, ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara ƙanana na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Ana kawo dutsen zinariya cikin gida a daka ko a niƙa, ƙurar ta zauna a tsakar gida, jariri ya yi rarrafe a kai ya kai hannu baki. An ƙiyasta yara kusan 400 suka rasu. Dalma na kumbura ƙwaƙwalwar yaro har ya riƙa jijjiga, kuma cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda suka tashi ba gani. Bagega kuwa sai 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta.

Ku lissafa: wanda yake ɗan shekara huɗu a lokacin, sa'anmu ne yau. Ƙannensu kuma suna aji ɗaya da ku. Shi ya sa abin ke mana ciwo idan muka ji ana kiran yaro daƙiƙi don ya kasa kwafar allo, ko yana tuntuɓe da benci, ba tare da kowa ya tambayi abin da yake gani ba.

Ku na Gummi, kada ku ce ba ruwanku. Sanƙarau ma, wanda ya fi yi wa Zamfara ɓarna a 2017, yakan taɓa jijiyoyin gani da ji. Ga kuma kwalli: a 2011 an sami dalma a jinin wani jariri a Boston ta Amurka, aka gano daga kwallin da aka kai daga Najeriya ne, fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma.

Wanda yake ganin abu bibbiyu, ko gefe ɗaya ya dushe masa, ko gani ya ragu tare da ciwon kai da amai, a kai shi babban asibiti, kada a tsaya ɗiga magani daga kemis. A faɗa wa likita garin da yaron ya tashi, da ko an taɓa daka dutse a gidansu.