'Yancin Ƙaramar Hukuma Ba Sauya Ubangida Ba Ne

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Madalla. Amma Gwamnatin Tarayya ce ta shigar da ƙarar, kuma mai ba ka ci shi ke ba ka umarni.

Ku tuna farkon 2023. Babban Banki ya janye tsofaffin takardun naira, manomi ya karyar da geronsa don neman tsabar kuɗi. Wa ya tuntuɓi Tambuwal ko Kebbe, alhali kundin 1999 ya damƙa musu kasuwanninsu?

Majalisar da ba ta tara harajin kasuwarta, ta bayyana wa jama'a lissafinsa, ba ta da bakin ce wa Abuja a'a. Daga nan 'yanci ke farawa.