Zanen aro ba ya rufe katara

Ɗan Zangon Kwatano mai karatun injiniya a Jami'ar Abomey-Calavi, ina da ja da kai. Kana alfahari da manhajar ANSYS ta sata, kana raina wanda ya kwana yana harhaɗa OpenFOAM daga tushen rubutunta. To, ranar da lissafin kwararar ruwa ya fi ƙarfin kwamfutarka, babu jami'ar da za ta ɗora kayan sata a kan tarin manyan na'urorinta. Tun 2004 aka saki OpenFOAM kyauta. Kamfanin EDF na Faransa ya saki Code_Aster tun 2001. Koyi gcc da MPI, karanta saƙon kuskure har ka gane shi. Birnin da ambaliya ke ci kusan kowace damina yana buƙatar injiniyan da ya san cikin lissafinsa.