Rediyon Baffa da Maƙeran Suwidin

Baffana da ke Ajingi yana da 'yar rediyo mai memori, irin wadda ake bazawa a tebur ranar kasuwa. Tafsiri yake ji da ita. Aibinta ɗaya: da zarar an kashe ta, ko caji ya ƙare, ta manta inda aka tsaya. Malam ya shafe awa guda yana bayani, ita kuwa ta mayar da shi farkon zama. Da abin ya ishe shi ya ce, "Ɗana, kai wa masu gyara su duba mini."

Na kai wa wani matashi mai gyaran waya a Gaya. Ya kwance ta, ya gwada batir, ya gwada sifika, ya hura wurin sa memori. Sannan ya miƙo mini. "Yallaɓai, kayanta lafiya lau. Manhajar ce, haka aka yi ta."

Wannan "haka aka yi ta" ce wasu mutane suka ƙi yarda da ita a Suwidin a ƙarshen 2001. Björn Stenberg ya mallaki wata na'urar sauraren waƙa mai suna Archos Jukebox, ƙirar wani kamfanin Faransa. Jikin na'urar mai kyau ne, amma manhajar da ke juya ta tana da nawa da kurakurai. Kamfanin bai saki asalin rubutunta ba, don haka babu hanyar gyara. Shi da abokansa, ciki har da Linus Nielsen Feltzing da Daniel Stenberg, suka zauna suka binciko yadda kowane sashe na na'urar ke aiki, suka rubuta mata sabuwar manhaja da yaren C, suka sa mata suna Rockbox. A 2002 ta fito.

Abin da suka yi daga nan ya fi gyaran kansa nauyi: sun buɗe rubutun ga kowa, ƙarƙashin lasisin GPL wanda Richard Stallman ya tsara a 1989. Kowace manhaja fuska biyu gare ta. Akwai rubutun da mutum ke yi da hannunsa, wanda wani zai iya karantawa ya gane, ya ce ga layin da kuskure yake. Akwai kuma abin da ke fitowa bayan an ba wata manhaja rubutun ta harhaɗa shi zuwa lambobin da na'ura kaɗai ke fahimta. Na farkon gari ne, na biyun tuwo. Wanda aka ba tuwo sai dai ya ci ko ya bari. Mai gari a hannu, in tuƙin farko ya yi gudaji, ya sake ɗora tukunya.

Da garin ya shiga hannun jama'a, sai aka yi ta tuƙi. Wani ya ƙara alamar da ke riƙe inda mai sauraro ya tsaya, daidai abin da Baffa ke nema. Aka ƙara murya mai karanta jerin zaɓi, makafi suka samu na'urar da za su sarrafa da kansu. Wajen 2006 Rockbox ta hau iPod, na'urar sauraren waƙa ta kamfanin Apple. Apple ya daina ƙera iPod a 2022, amma har yau akwai masu sauko da rubutun Rockbox, su gyara abin da ya dame su, su harhaɗa, su zuba wa tsohuwar na'ura ta farfaɗo.

Masu gyaranmu ba hannu suka rasa ba. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ga yaro na ɗaga abu kamar ƙwayar gero daga allon waya ya san haka. Amma abin da muke kira filashin, tuwon wani ne ake juyewa a sabon kwano. In da kuskure a ciki, da shi za a juye. Ni abin yana yi mini ciwo musamman a Gaya, garin da tarihin baka ya ce daga nan maƙera Abagayawa suka tashi zuwa Dala neman tama. Maƙeri ba ya cewa "haka aka yi ta" game da fartanya. Ya mayar da ita wuta, ya sake bugu.

Kada in yi zuƙu: Rockbox ba ta hawa rediyon Baffa. Na'urorin da take aiki a kansu ƙididdigaggu ne, kowacce sai da wani ya ɓata watanni a kanta. Sai dai kayan harhaɗawar kyauta ne, tsohuwar kwamfuta ma ta isa, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha nan Wudil, tafiyar da ba ta kai a kawo ba. Makarantar da za ta biya a rubuta mata manhaja ma tana iya sa sharaɗi tun wajen ciniki: a miƙo rubutun tare da kayan.

Na mayar wa Baffa rediyonsa yadda take. Ya juya ta, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Yanzu kafin ya kashe ta sai ya kira jikarsa ta duba lambar da ke kan ɗan gilashin, ta rubuta da gawayi a bangon zaure.