Kukan Jariri Ma Jawabi Ne

Hausawa na cewa kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. To, idan na kurciya jawabi ne, ina ga kukan jariri, wanda ba shi da wani harshe sai shi? Wannan makon ina so in ja hankalin ɗalibanmu masu karatun injiniyancin lantarki zuwa ga wani fage da suka raina.

Charles Onu ɗan Najeriya ne, injiniya, wanda ya yi karatunsa na farko a gida kafin ya wuce Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada. A shekarar 2017 ya kafa kamfanin Ubenwa, wato "kukan jariri" da harshen Ibo. Manhajarsu tana ɗaukar sautin kukan da makirufo, ta tantance shi, don neman alamun cutarwar da rashin isasshiyar iska lokacin haihuwa ke jawowa. A Amurka kuwa, wani likitan yara, Harvey Karp, ya haɗa kai da injiniyoyi suka fitar da gadon SNOO a 2016. Da yaro ya fara kuka gadon zai ji, ya ƙara jijjiga shi, ya saki wani sauti mai kwantar da hankali. Kuɗinsa ya haura dala dubu.

Mai karatu, dubi abin da gadon yake yi: ɗaurewa, jijjigawa da raɗa. Ai goyo ke nan. Abin da uwa take yi da zane da majanyi shi injiniyoyin suka kwaikwaya, don haka ban ga abin da zai sa mu kwaɗaita ba. Darasin Onu shi ya fi kusa da mu.

Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya mayar da Kura, Bunkure da Kadawa wuraren da aiki ba ya yankewa. Mata suna gumin shinkafa, suna shanya, suna sheƙa, yawancinsu da goyo a baya, ga zafin wuta ga hayaƙi. Ruwan da ke rayar da shinkafa shi ne kuma ke rayar da sauro. Uwar da ke cikin wannan hali ta iya lallashi. Abin da ke yi mata wuya shi ne rarrabe kukan yunwa da na zazzaɓi, ta san ranar da ya kamata ta bar tukunya ta nufi asibiti. Jinkirin yini guda kan zama ajalin jariri.

Nan nake ganin aikin ɗaliban Jami'ar Bayero da na jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. Hannun da ya iya haɗa famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana ba zai gaza ƙera ɗan abin da za a ɗaura wa jariri ba, wanda zai yi ƙara idan jiki ya yi zafi, mai arha, mai jure ƙura. Sharaɗin dai shi ne a zauna da ungozoma da ma'aikatan jinya tun kafin a kama waya, kuma likitoci su gwada shi kafin ya shiga kasuwa, domin na'urar da ke yin ƙarya ta fi rashinta haɗari.

Ga masu neman abin da za su yi aikin kammala digiri a kai, Kura ba ta da nisa daga Kano. Allah Ya raya mana zuri'a.